Ƙeyar Mai Firiza

Da a ce cika baki sana'a ce da ake biya, da mai askin nan na bakin layi ya daɗe da ajiye kilifa ya gina bene. Shagonsa ɗan tsukuku ne: kujera ɗaya mai juyawa, benci na masu jira, sai wani ƙaton madubi da ya cinye bango guda. Shi ya raɗa wa kansa suna Ido-Buɗe, ya biya mai fenti ya rubuta a saman ƙofa, don kada wani ya yi gangancin kiransa da sunan da iyayensa suka sa masa.

Ilimi ɗaya yake taƙama da shi, kuma a cewarsa babu makarantar da ake koyar da shi, wato karatun ƙeya.

"Fuska maƙaryaciya ce," haka yake cewa yana ɗaura wa mutum ƙyalle a wuya. "Kowa sai ya gyara ta a madubi kafin ya fito. Amma ƙeya tana can baya, ba ta san ana kallonta ba. Ni kuwa tun ina saurayi ƙeya nake kallo. Kana juya mini baya na gama da kai."

Tela, wanda shagonsa yake manne da na askin, ya taɓa tambayarsa, "To tawa fa, me ta ce?"

"Taka ta masu rage wa mutane yadi ce."

"Ai ba sai an duba ƙeya ba, wannan duk layin nan an sani," in ji wani da ke kan benci.

Abin mamaki, ƙeya ɗaya ce a duk unguwar Ido-Buɗe bai taɓa gani ba. Girman kai ba ya barinsa ya zauna gaban wani mai aski, don haka gaba da gefe yana yi da kansa, bayan kuwa matarsa ce take gyara masa a tsakar gida tun farkon aurensu. Akwai ƙaramin madubin hannu da yake ɗaga wa mutane ta baya in ya gama, ya ce, "Ya yi, ko a ƙara ragewa?" Shi bai taɓa yarda a ɗaga masa ba. Wai wanda ya haddace ƙeyar jama'a ba ya bukatar a nuna masa tasa.

Matar tasa Mai Ƙanƙara ake ce mata, kuma in za a faɗi gaskiya ita take riƙe da gidan. Tana ɗura ruwa a leda ta daskarar, ta kai wa masu shaguna, mafi yawa kuma Inna mai kifi take saye don kada kifinta ya lalace. Sanyi ya tsattsage mata hannu har ba ta iya matse wanki sai ta cije leɓe. Firizarta ta tsufa, tana nishi dare da rana, murfin ma da igiyar roba ake ɗaure shi. Ta daɗe tana tara kuɗin sayen wata a cikin wani gwangwanin madara, ta hana kanta sabon zane, ta hana kanta komai. Sai ga Inna ta aiko da gargaɗi cewa ƙanƙarar kwanan nan rabinta ruwa ce, in ba a gyara ba za ta koma wani wurin.

"Baban yara," in ji ta da safe tana ɗaure leda, "gobe zan shiga kasuwa wajen masu tsofaffin kayan wuta. In gani da idona, a jona, ruwa ya daskare a gabana, sannan in biya."

Ido-Buɗe ya yi dariya har da buga cinya. "Kasuwa? A wannan zamanin? Maman yara, an bar ki a baya. Kasuwa yanzu tana cikin nan." Ya ɗaga wayarsa. "Shafin saye da sayarwa. Da kuɗin da za ki sayi gwanjo, ni zan kawo miki mai ƙofa biyu."

Shafin ba baƙonsa ba ne, don har tallar shagonsa ya sa a ciki, da hoton da Tela ya ɗauke shi ta baya yana tsakiyar aski. Tallar ba ta taɓa kawo masa ko kai ɗaya ba, amma tun daga ranar yake ɗaukar kansa ɗan kasuwar intanet.

"A cikin nan ɗin ne aka cuci ƙanin Tela," in ji ta. "Ya biya kuɗin babur, har yau hoton babur yake hawa."

"Ƙanin Tela ai ƙeyarsa a lotse take, tun yana yaro na gaya musu. Ni za a cuta? Ɗan damfarar da zai taɓa ni ba a haife shi ba tukuna."

Ta ƙi. Ya yi ta naci safe da yamma, a kan abinci, a bakin banɗaki, har ranar da ta gaji ta ɗauko gwangwanin ta dire a gabansa.

"Sharaɗi ɗaya. Kada ko kwabo ya fita sai ka gani da idonka, ka taɓa da hannunka."

"Da wa kike magana?" ya ce yana nuna sunan da ke kan ƙofar shago, duk da cewa daga tsakar gidan ba a hango shi.

Ranar nan aski bai yiwu ba. Mutum uku suka zauna a benci har suka gaji suka tafi da sumarsu, shi kuwa yana kan kujera mai juyawa yana aika wa duk mai tallar firiza saƙo iri ɗaya: "Salamu alaikum. Kafin mu yi maganar farashi, turo mini hoton ƙeyarka."

Wasu suka rufe shi ba amsa. Wata mata ta ce mijinta zai kira shi, kuma mijin ya cika alkawari, don har Tela da kekensa na ɗinki ke ƙara sai da ya ji zagin ta bango. Can sai wani ya turo hoto. Ido-Buɗe ya gyara zama, ya ƙanƙance ido.

"Wannan taurin kai ne da shi. Dubi gashin, ya yi shekara bai je aski ba. Ba na ciniki da ƙazami."

Tela ya leƙo. "Mutumina, rago ne. Ga ƙaho nan a gefe."

"To ƙarya na yi? Rago ba shi da taurin kai?"

Washegari wani dattijo ya amsa. Ya ce shi ba ya tura hoton ƙeya, bai ma san ana yi ba, amma shagonsa na kayan sanyi zai rufe, firiza tana nan a jone, mai so ya zo ya duba, in ta yi masa ya biya ya ɗauka. Tela ya rufe shago ya raka shi, ba don ƙauna ba, don kada a ba shi labari.

Firiza kam ta yi kyau. Dattijon ya buɗe, sanyi ya bugo su, kwalaben ciki sun daskare kamar dutse. Ya nuna musu inda ta taɓa lotsewa, ya ce su sa nasu ruwan su zauna su jira in suna shakka. Tela har ya fara gyaɗa kai. Ido-Buɗe kuwa ko kallon firizar bai yi ba. Matsalarsa ita ce dattijon ya sa hula ya danna ta har wuya, ga kuma tawul a kafaɗa. Sai ya fara zagayawa a hankali. Dattijon, da yake mutum ne mai ladabi da ba ya son juya wa baƙo baya, shi ma ya juya. Ido-Buɗe ya koma ta hagu, dattijo ya bi shi ta hagu. Suka yi ta kewaya juna a tsakiyar shago, Tela ya jingina da bango yana kallon ikon Allah.

"Samari, wani abu ka yar?"

"A'a Baba, dubi can, kamar ɓera!"

Dattijon na waigawa, Ido-Buɗe ya sa hannu ya cire masa hula. Bai samu ya karanta ko layi ɗaya ba, don sandar goge ƙasa ce ta fara sauka a kafaɗarsa. Suka fito a guje, Tela ya bar takalmi ƙafa ɗaya a can.

"Ka gani ko?" in ji Ido-Buɗe yana haki a bakin titi. "Duk wanda ya ɓoye ƙeya akwai abin da yake ɓoyewa. Na tsirar da kuɗin Maman yara."

"Ka tsirar," in ji Tela. "Saura takalmina."

Da yammacin ranar ya ci karo da tallar da ta tafi da imaninsa. Firiza ƙatuwa, fara sol, ƙofa biyu, ledarta ma ba a gama ɓarewa ba, farashin kuwa ko rabin na dattijo bai kai ba. Mai ita ya amsa nan take. Ya ce shi ma'aikaci ne, an yi masa canjin wurin aiki zuwa gari mai nisa, shi ya sa zai yi asara ya rabu da ita. Ya ce su bar shafin su yi magana kai tsaye ta waya, ya fi sauri. Ido-Buɗe ya aika da buƙatarsa ta ƙeya, ya kuma yi masa doguwar lacca a kan dalili.

Aka ɗan yi shiru, kamar mai neman wani abu. Sai ga kira.

"Ranka ya daɗe," in ji muryar, mai laushi kamar man shafawa, "tunda nake ciniki ban taɓa haɗuwa da mai basira irinka ba. Wallahi da kowa haka yake, da 'yan damfara sun mutu da yunwa. Ga hoton nan na turo."

Ido-Buɗe ya buɗe, ya shiga nazari. Ƙeya ce faffaɗa, da ninki biyu na tsoka a ƙasa, da wata 'yar tawadar Allah a gefen dama, da ɗan wuyan riga ya leƙo. Ya daɗe yana kallo, yana murmushi. A ransa ya ji wata irin ƙauna ga mai ƙeyar nan, kamar ya san shi a wani wuri.

"Jama'a," ya ce wa masu benci, "na samu mutumina. Wannan ƙeya babu mugunta a cikinta. Babu ma wayo gaba ɗaya. Irin mutanen nan ne masu yawan surutu, kai ba komai. Wannan ko kaza ba zai iya cuta ba, shi ne ma za a cuta a tsaye da rana tsaka. Kuma duk wanda yake masa aski ɗan koyo ne, layin a karkace yake."

"Mu gani," in ji Tela.

Ya kife wayar a ƙirji. "Sirrin sana'a ne. Na taɓa cewa ka nuna mini inda kake ɓoye yadin mutane?"

"To me ya sa take da araha haka?"

"Na gaya maka ba shi da wayo."

"Yaushe za mu je mu gani?"

"Gidan a kulle yake, ƙaninsa ne zai sa a mota."

"Kira shi ta bidiyo mana, mu ga fuskarsa."

"Kyamararsa ta fashe."

"To da me ya ɗauki ƙeyar?"

Ido-Buɗe ya yi tsaki. "Tela, hassada ce za ta kashe ka. Shi ya sa wuyanka bai taɓa yin kauri ba."

Sai da ya ƙara taya firizar ƙasa, mutumin ya yi 'yar magiya sannan ya sallama. Ido-Buɗe ya zagaya layin yana ba da labarin yadda ya matse wani bawan Allah har ya kusa ba shi tausayi.

Kamar an shirya, sai aka aiko wa Mai Ƙanƙara cewa mahaifiyarta ba ta jin daɗi. Ta cika tsohuwar firiza da leda, ta ce ya riƙa miƙa wa Inna nata kullum da safe, ta sake tuna masa sharaɗi, ta tafi.

Motarta ba ta fita unguwar ba mai firiza ya kira. Wai wani mutum ya zo da kuɗi a hannu yana roƙo, amma shi zuciyarsa ta fi kwanciya da mai aski, in dai zai turo rabi kafin alƙalami yanzu yanzu. Sunan da ke kan asusun daban yake da wanda ya faɗa, amma ya yi bayani cewa na ƙanin matarsa ne. Ido-Buɗe ya tuna sharaɗin Maman yara, ya kuma yanke wa kansa hukunci cewa ai ya gani da idonsa, tunda ya ga ƙeya. Ya kwashi gwangwani ya je wajen mai tura kuɗi.

"Ka san mutumin kuwa?" in ji mai tura kuɗin.

"Ciki da baya. Musamman baya."

Bayan rabi sai kuɗin mota. Bayan kuɗin mota sai direba ya kira da kansa, ya ce taya ta fashe a daji. Muryar direban ta yi kama da ta mai firiza in ya toshe hanci, Ido-Buɗe ma ya lura, ya ce lallai 'yan gari ɗaya ne. Ya tura kuɗin taya. Can kuma ƙanin ya ce ba zai bar kayan yayansa su yi nisa ba sai an cika sauran. Ido-Buɗe ya leƙa gwangwani, ya ga ƙasansa yana ƙyalli, ya ce ai dama don a kashe aka tara.

Sannan ya tuna da ƙofa. Ya ari tef ɗin awo na Tela, ya auna hoton firizar a kan waya, ya yi wani lissafi da shi kaɗai ya san kansa, ya gano cewa ba za ta shiga ba. Ya kira kafinta ya cire ƙofar gida da katakon jikinta, ya sa aka ɗan sassaƙe bango. Ƙarar guduma ce ta fito da mai gidan haya daga ɗaki ba hula.

"Wa ya ce ka fasa mini gida?"

"Yallaɓai, daraja nake ƙara masa. Gidan da firiza mai ƙofa biyu ta shiga, haya ma tashi take."

"Haka ne. Taka ta tashi daga yau."

Da la'asar direba ya sake kira, murya na rawa. Masu duba kaya a hanya sun tsare mota, in ba a sallame su ba za su sauke firizar. Gwangwani ba komai. Ido-Buɗe ya tsaya a tsakar gida yana sosa ƙeya, sai idonsa ya faɗa kan tsohuwar firiza tana nishinta a kusurwa. Ga wuri da ake bukata, ga kuɗi da ake bukata. Ya yaba wa kansa da wannan basira, ya kira mai sayen tsofaffin ƙarafa. Ƙanƙarar da ke ciki aka juye a bahon wanki, ya rufe ta da bargo, ya ce ai zuwa gobe sabuwa ta iso. Kafin magariba kaji suna shan ruwa a wurin.

Direba ya yi rantsuwa cewa gobe da hantsi yana bakin layi.

Ido-Buɗe ba mutumin da zai yi nasara a ɓoye ba ne. Tun da safe ya fito da bencinsa ya ari na maƙwabta, ya jera a ƙofar gida, ko kuma inda ƙofar take a da. Ya ɗauko 'yan dako huɗu majiya ƙarfi. Ya bi shago shago yana gayyata, har da ƙanin Tela, wai ya zo ya ga yadda manya suke sayayya. Mai gidan haya ya zo ya zauna yana kallon bangonsa. Mai tsofaffin ƙarafa ma ya tsaya da amalankensa, tsohuwar firizar tana kai, ya ce yana son ya ga wadda ta kori wannan.

Hantsi ya yi. Wata babbar mota ta shawo kwana, Ido-Buɗe ya ruga tsakiyar titi yana ɗaga hannu, 'yan dako suka bi shi suna naɗe hannun riga. Direban ya taka birki har ƙura ta tashi.

"Sannu da hanya! Ya taya?"

"Wace taya? Kauce mini, yashi na ɗauko!"

Ya dawo yana karkaɗe riga. "Ba ita ba ce. Waccan fara ce."

"Motar ko firizar?" in ji Tela.

Rana ta take. 'Yan dako suka ce ko an ɗauki kaya ko ba a ɗauka ba, zama ma aiki ne. Inna mai kifi ta iso da kularta ba komai a ciki, ta ce tun safe take jiran ƙanƙara, kifinta ya fara gaisawa da ƙudaje.

"Inna, ki ƙara haƙuri. Daga yau ƙanƙara har sai kin ce ta isa."

"Ɗan nan, ni ta yau nake nema. Ina matar gidan?"

Kamar ta ji, sai ga Mai Ƙanƙara ta sauko daga mota da jakarta. Ta tsaya. Ta dubi taron, ta dubi ramin da ya maye gurbin ƙofarta, ta hango kusurwar tsakar gida wayam, sannan ta ga firizarta a kan amalanke da igiyar robarta tana lilo.

"Baban yara, mutuwa aka yi?"

"Arziki aka yi! Zauna ki gani. Bari ma in kira shi kowa ya ji."

Ya buɗe muryar waya, ya ɗaga ta sama. Wata mata ta sanar da dukan layin, cikin ladabi, cewa lambar da aka kira a kashe take. Ya kira direba. Matar nan dai ce. Ya kira ƙanin. Ita ce.

"Ikon Allah," in ji Tela. "Duk gidansu mace ɗaya suka aura."

"Daji ne, ba sabis," in ji Ido-Buɗe, amma gumi ya fara tsattsafo masa.

Ƙanin Tela, wanda tun ɗazu yake danna waya, ya ɗago kai. "Yaya, ga firizarka nan an sake sa ta a kasuwa. Hoton dai shi ne, sunan ne ya canja. Wannan karon likita ne aka yi wa canjin wurin aiki."

Mai Ƙanƙara ta ajiye jakarta a ƙasa. Muryarta ba ta tashi ba, kuma wannan ne ya fi ba shi tsoro.

"Ina gwangwanina?"

"Yana nan lafiya."

"Abin cikinsa fa?"

Ya kawar da kai.

"Ka ga firizar da idonka? Ka taɓa ta?"

"Na ga abin da ya fi firiza. Na ga ƙeyarsa." Ya ji ƙarfinsa ya ɗan dawo, don an shigo fagensa. "Kuma har yanzu ina kan bakana. Mai wannan ƙeyar ba ɓarawo ba ne. Tunda abin ya zo da haka, yau zan tona sirrin sana'a. Ku duba ku koya."

Ya miƙa wayar. Ta fara faɗawa hannun mai gidan haya, wanda ya duba, ya ɗago ya dubi Ido-Buɗe, ya ɗan karkata ya leƙa bayansa, sannan ya miƙa wa na kusa. Na kusa ma haka. Waya tana tafiya, mutane suna tashi ɗaya bayan ɗaya suna zagayawa bayansa. Ido-Buɗe ya fara juyawa yana bin su, daidai yadda dattijon nan ya yi.

Da ta iso hannun Tela, sai ya zame daga benci ya zauna a ƙasa.

"Wayyo cikina! Wuyan rigar nan ni na ɗinka shi! Hoton ma ni na ɗauka! Daga tallar shagonka ya yanko, ya maido maka kayanka!"

Layin ya kece da dariya. 'Yan dako suka rirriƙe juna, Inna ta toshe baki da gefen mayafi tana hawaye, mai gidan haya ma da aka fasa wa bango sai da haƙoransa suka fito.

"Ƙarya ne!" in ji Ido-Buɗe. "Ni ba ni da tawadar Allah! Da akwai da na sani!"

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Mai Ƙanƙara ta karɓi wayar ta duba sau ɗaya. Ta juya wajen mai tsofaffin ƙarafa suka yi magana ƙasa ƙasa, ya leƙa cikin shagon aski, ya gyaɗa kai, ya fara kwance igiyar amalanke. Ta roƙi Inna ta ba ta zuwa jibi. Inna ta ce don ita za ta jira, ba don wancan ba. Sannan ta kama hannun mijinta ta ja shi shago, jama'a suka biyo suka cika ƙofa da taga.

"Zauna."

Ya zauna a kujera mai juyawa. Ta ɗauki ƙyalle ta kaɗa ta ɗaura masa a wuya, ta juya shi ya fuskanci babban madubi. Ta ɗauko ƙaramin madubin hannu ta ɗaga a bayansa.

Ga ta nan, faffaɗa, da ninki biyu, da 'yar tawadar Allah a gefen dama, da karkataccen layi. Ya kuma ga hannun da ke riƙe da madubin, duk tsaga, wasu sun warke wasu ba su warke ba. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tunda aka haife shi.

"Ɗan koyon da ya karkata layin ni ce," in ji ta. "Tela ya gaya mini karatun da ka yi wa ƙeyar nan, kuma wallahi ka iya aikinka. Yawan surutu, akwai. Kai ba komai, haka ne. An cuce shi a tsaye da rana tsaka, kowa shaida ne. Wuri ɗaya kawai ka kuskure."

Dariyar bakin ƙofa ta ɗauke.

"Ka ce ba zai iya cutar kowa ba. Ni ya cuta."

Ta ajiye masa madubin a cinya, ta kwance ƙyallen ta ninke.

"Tashi, Baban yara. Na ba da kujerar a bakin firizata."